Ƙasan Motar Yaya

Tela ya ja shimfiɗar robar da ke ƙasan motar, ta ƙi fitowa. Ya sake fizga da ƙarfi, sai ya lura ashe ɗaure take da notuna a ƙarƙashin kujeru. Ya sake ta, ya tsaya yana kallo, ya rasa ta inda zai fara. Jini da ruwa sun bi layukan robar sun taru a lungun ƙofa, wani wurin har ya fara bushewa saboda rana.

Motar ta yayansa ce, ƙaramar bas da yake rarraba kaya a kantuna da ita, kuma Yaya mutum ne da ko biskit ba ya yarda a ci a cikinta. Da safe naƙuda ta taso wa matar Tela tun watanta bai cika ba, ya ruga ya karɓo makulli, ya ɗauko ta ita da maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da kowa a layin ke ce wa Gwaggo. Sun yi rabin hanya suka faɗa cunkoso, ba gaba ba baya. A nan ƙasan motar matar ta durƙusa ta haihu a hannun Gwaggo, shi kuwa yana riƙe da sitiyari yana danna hon kamar zararre, bai iya waiwayawa ba.

Da suka iso asibiti, ma'aikatan jinya suka kwashe uwa da jariri a gadon turawa. Ya bi su a guje, wata ta tare shi da hannu a ƙofar ɗakin haihuwa.

"Malam, jira a waje."

Ya zauna a benci, zaman ya gagara. Ya tashi ya zagaya, ƙafafunsa suka maido shi wurin ajiye motoci. Abu guda ke yi masa yawo a ka: shin jaririn ya yi kuka? Wani lokacin sai ya ga kamar ya ji wata 'yar siririyar murya a bayansa. Can kuma sai ya ce a'a, ƙarar birkin wata mota ce. Hon ɗin da ya yi ta dannawa ya toshe masa kunne, yanzu ga shi babu wanda zai tambaya.

"Kai, ba a wankin mota a nan," in ji mai gadin wurin, yana tahowa da sandarsa. Ya leƙa ciki, ya ga jinin. Ya juya, jim kaɗan ya dawo da bokitin ruwa da wani tsohon tawul, ya ajiye masa.

Tela ya tsoma tawul ɗin ya hau dirza. Maimakon wurin ya fita, sai ya ƙara baje shi. Ya matse, ya sake gogawa, ruwan bokitin ya koma ja. A jikin robar ƙofa, daidai inda ake riƙewa, akwai shatin yatsun matarsa. Ya kai tawul zai goge, hannunsa ya tsaya, ya bar wurin ya koma ƙasa. A aljihun gaban motar ya tarar da wata kwalba mai feshi wadda ya sha ganin Yaya yana goge gaban mota da ita. Bai tsaya karanta jikinta ba, ya feshe ƙasan kaf, ya bi da tawul. Robar ta hau sheƙi, ƙamshin lemo ya cakuɗe da ƙarni.

Yana cikin haka ya ji tsayuwar babur a bayansa. Yaya ne ya sauko, da hular kwano a hannu, yana haki.

"Ina take? Ta sauka? Na yi ta kiran wayarka!"

Tela ya shafa aljihu, babu waya. Ko a shago ya bar ta, ko a gida, oho.

"Yaya, ka yi haƙuri, motar ce... zan gyara ta tas, ka ga ma na kusa..."

"Wace mota? Ina tambayarka matarka, kana ce mini mota?"

Yaya ya sa ƙafa ciki don ya ga abin da ake magana a kai. Takalminsa na taɓa robar santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a bakin ƙofa, hular kwanon ta gangara ƙarƙashin motar. Mai gadi ya kau da kai yana danne dariya.

"Me ka zuba a nan?"

Tela ya miƙa masa kwalbar.

"Man sheƙi? A ƙasa? So kake ka karya ni?" Yaya ya ɗaga kai zai ci gaba da faɗa, sai ya ga fuskar ƙanensa, ya fasa.

"Yaya, ban san ko ya yi kuka ba," in ji Tela a hankali. "Ina ta danna hon. Ban ji ba. Ko na ji, ban sani ba."

Yaya ya ajiye kwalbar. Sannan ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. Ya buɗe bayan motar ya ɗauko garin sabulu da burushi, ya roƙi mai gadi ya canzo musu ruwa.

"Zo nan, durƙusa. Roba ba ta son komai sai sabulu da burushi. Bi layin, kada ka gicciye shi. Haka. Daga ciki zuwa ƙofa."

Tela ya bi layin. Kumfa ta tashi fara, ta koma ruwan hoda, Yaya yana bi da tawul yana kwashewa. Aikin ya kama hannunsa kamar yadda ɗinki ke kama shi, layi bayan layi, har numfashinsa ya fara daidaita. Yaya da kansa ya ɗauki tsumma mai laushi ya goge jikin ƙofofin da bayan kujeru, yana sa ɗan yatsa a cikin tsumman yana bin lunguna. Duk sanda ƙofar ginin ta buɗe, su biyun sai su ɗaga kai tare, su ga ba nasu ba ne, su mai da ido ƙasa.

"To, ga su nan! Ni ina can ina neman mai jego namiji, ashe ya buɗe wurin wankin mota."

Gwaggo ce, zaninta duk ya ɓaci, tana tafe tana dafa ƙugu. Tela ya miƙe da burushi a hannu.

"Matarka lafiya lau, har ta sha shayi. Mace aka samu. Ƙanƙanuwa ce, sun sa ta a kwalbar jarirai, sun ce za ta kwana biyu a ciki kafin su san yadda ake ciki. Amma tana numfashi da kanta."

"Ta yi kuka?"

"Tun a mota. Kai ne dai ka hana kowa ji."

Tela ya dubi Yaya, ya dubi motar, ya dubi ƙofar asibitin.

"To yanzu... me zan yi?"

"Ji mini mutum! Ka shiga ka ga 'yarka mana. Amma ba da waɗannan hannuwan ba."

Ya duba hannuwansa, kumfa har gwiwar hannu, ƙarƙashin farcensa baƙi ƙirin. Ya nufi bokitin, Yaya ya janye shi da ƙafa.

"Wannan ruwan ya ƙazantu."

Yaya ya shiga gaban motar ya ɗauko gorar ruwan shansa, ya buɗe murfin.

"Tara hannu," ya ce.

Tela ya tara, Yaya ya dinga zuba masa kaɗan-kaɗan har gorar ta ƙare.