Jar Rigar Zaman Makoki

Ni Sebya, shekara ashirin da biyu ina riƙe da ɗakin tufafi a kamfanin silimarmu na Manila. Ban yi boko ba, amma ba na manta wanda ya yi mini alheri. Uwar Luningning ta ciyar da 'ya'yana shinkafa wata uku lokacin yaƙi. Shi ya sa da yarinyar ta samu babban matsayinta na farko, na matar masunci da teku ta cinye wa miji, na sa ido a kanta.

Ranar ɗaukar zaman makoki na miƙa mata baƙar riga. Ta ɓoye hannuwanta a baya, ta kira ni Nanay, wato uwa.

"Nanay, ba zan sa ba. Mijina na asibiti da tarin fuka. In sa baƙi yana numfashi? Ai kiran mutuwa ke nan."

Tolentino, mai ba da umarni, ya ji, ya juyo gare ni da Aling, lakabinmu na girmama mata. Ya ce, "Aling Sebya, gaya wa 'yarki rana ba ta jira. Ƙarfe biyu in ba ta shirya ba, akwai 'yan mata goma a bakin ƙofa."

In aka kore ta, wa zai sayi maganin mijin? Silimarmu baƙi da fari ce, don haka na nufi Mang Gorio mai kyamara, yana cin busasshen kifi a inuwa.

"Kai tsohon biri, injin nan naka me yake gani in an sa ja?"

"Ja mai duhu? In na ɗora masa koren gilashi, baƙi ƙirin. Ke ma zai mai da ke kyakkyawa."

"Rufe baki, ka nemo gilashin."

Na sauke labulen karammiski na ɗakin baƙi, ja kamar hanta. Kafin ƙarfe ɗaya na ɗinka riga. Abin da ban lissafa ba shi ne masu kuka. Tsofaffi takwas aka ɗauko daga kasuwar kifi su zauna gefen akwatin gawa. Luningning na shigowa suka miƙe gaba ɗaya. Babbarsu, Torang, ta riƙe ƙugu.

"Ja a gidan mutuwa? Ke 'yar wace ce? Rawa kika zo yi?"

Tolentino ya ce, "Uwata, akwatin nan ba kowa a ciki."

"Ko babu kowa, akwatin gawa ne. Mu ba ma zama da marar kunya."

Ya duba agogo, ya dube ni. Luningning ta fara kwance igiyar rigar. Na buge mata hannu, na ja Torang gefe, na gaya mata komai: asibitin, tarin, 'yan matan bakin ƙofa.

Ta saki ƙugunta. Ta ce, "Nawa mijin ma tarin ne ya tafi da shi." Sai ta daka mini tsawa, "To bakinki ciwo yake? Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

Ta koma ta yi wa sauran raɗa. Suka zauna. Da kanta ta ɗaure wa yarinyar igiyar, ta ce, "Zauna nan kusa da ni, 'yata."

Kukan da suka yi ba na ladan peso biyun da aka biya su ba ne. Sau ɗaya aka ɗauka. Tolentino ya ce a kashe fitilu, bai ƙara zancen bakin ƙofa ba, Luningning ta gama wasanta har ƙarshe.

Da aka wanke hoton, Torang ta matsa sai an nuna mata. Na kai ta ɗakin da muke gwajin kallo, da ƙarnin kifinta. Ga Luningning a bango, baƙa wuluk daga wuya har ƙafa. Torang ta dafe ƙirji.

"Sebya, ai baƙin ne ta sa! In mutuwa ta gani fa?"

Mang Gorio ya ce, "Ba ta shiga silima, Aling. Ba ta da tikiti."

Ta kwaɗa masa mafici a ka, ta ce a sake nuna mata wurin da ita kanta ta fito.