Kofin da Yaya Ya Kife

Ni tela ne, Yaya mai gyaran agogo, shagunanmu bango ɗaya ya raba. Da rana in aiki ya lafa, sai in leƙa wurinsa mu buga yaƙi. Kada ka ɗauka wani babban abu ne: allo ne bai fi faranti ba, da gadar kwali a tsakiya, da 'yan sojojin dalma biyar-biyar kamar babban yatsa, waɗanda Yaya ya yi wa fenti da kansa har da gashin baki. Da tef ɗina muke auna tafiyarsu, 'ya'yan lido su yanke wanda harsashi ya samu. Kafin shayi ya huce an gama.

Dokokinmu biyu ne. Mai harbi ya kaɗa lido a kofi ya kife, shi kaɗai zai buɗe. Wanda ya sha kashi kuma shi ke tayar da sojojin da suka faɗi, ya jera sabon wasa. Tunda muka fara, ni ke tayarwa. Ban taɓa cin Yaya ba ko sau ɗaya, abin yana min ciwo, shi kuwa dariya yake har da tari.

"Auta, tashi gawarwakinka," haka yake cewa.

A wasanmu na ƙarshe soja ɗai-ɗai ya rage mana. Nawa yana kan gada, in ya tsira daga wannan harbin, na ci. Yaya ya kaɗa, ya kife kofi, sai ya dafe ƙirji ya ce bari ya sha iska a waje. Bai dawo ba, a asibiti ya cika.

Kofin nan ya zauna a kife. Nakan shiga shagon in share ƙura a gefensa, ba na taɓa shi. Agogunan bango suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya don babu mai murɗa musu makulli, har shagon ya yi tsit. Wani lokaci ina ɗinki sai in ji kamar ƙarar lido ta bayan bango, in tsayar da keke, shiru. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce Auta ya zautu. Ni dai a wurina, muddin kofin bai buɗu ba, wasan Yaya ne, ina jiransa.

Ranar da za a miƙa mukullin shagon, matar Yaya ta zo da kwalaye. Muka kwashe komai, saura teburin.

"Tela, mutane na jira," in ji ta.

"Ba ni da ikon buɗewa. Dokarmu ce."

"Kai da dokokinku, kamar wasu alƙalai." Ta so ta yi dariya, abin bai yiwu ba. "To ni na gaji rabonsa. Matsa."

Ta ɗaga kofin. 'Ya'yan lidon sun nuna ɗaya da ɗaya. Yaya ya kuskure, sojana ya tsira, na ci.

Wallahi na sha tsara abin da zan faɗa masa ranar da na ci shi, har da rawar da zan taka. Sai ga ni tsaye hannu a aljihu, ina kallon sojoji takwas a kwance, ina jiran wanda ya sha kashi ya zo ya tashe su. Matar Yaya ta gane. Ta ɗauki kwali a hannu biyu ta fita, ta bar ni.

Na juya baya ina neman gwangwanin da zan zuba su, sai na ji ƙas, 'yar ƙara kaɗan, irin ta dalma a kan katako. Ban waiga da wuri ba, tsoro nake ji, kuma ba na son abin ya tsaya. Na sake jin ƙas.

Da na waiga, biyu daga cikin sojojina suna tsaye a gefen allo, a inda nake farawa. Na jawo kujera na zauna.

"A hankali, Yaya," na ce. "Ba sauri nake ba."