Ranar da Na'ibi Tela Ya Shiga Huri

Tun ranar Talata Na'ibi ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya ce wa masu kaya a wurinsa su dawo Asabar. Mutanen unguwar Nuzla a Jidda sun riga sun san halinsa. Da zarar iskar hunturu ta kwanta, aka ce kifin najil ya fara hawowa bakin duwatsun murjani, to layinsu ba shi da tela sai ya je bakin tekun Abhur ya dawo.

Su uku ne ke wannan tafiya kowace shekara. Othman haifaffen unguwar Ruwais ne, masunci ɗan masunci, shi ke da huri, ɗan siririn kwalekwalen nan da ake sassaƙawa da itace guda. Rafi'u direba shi ke aro wanet, a-kori-kurar maigidansa, ya kwashe su da kayansu. Na'ibi kuwa tukunya ce aikinsa. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa, ruwan teku bai taɓa wuce masa idon sawu ba.

Abokansa sun san dalili. Yana saurayi ya hayo daga Sawakin ta Sudan a jirgin alhazai, iska ta karya musu jirgi, suka yi kwana tara suna yawo a teku har ruwan sha ya ƙare. Ranar da ya taka ƙasar Jidda ya ƙudura a ransa shi da jirgi har abada. Ko Sudan bai sake komawa ba.

Ranar Alhamis suna idar da sallar asuba suka kama hanyar Madina suka nufi Abhur. Rafi'u na tuƙi yana waƙa, Othman na zaune a baya rungume da kwandon fatsa, yana buga rufin mota yana cewa, "Yalla, ya sheikh! Mota ce ko jaki?" Gari na fara haske suka saki kwalta suka shiga yashi. A lokacin Abhur ba kowa sai 'yan gidajen masu hali jefi-jefi da rumfunan masunta. Tasu rumfar na nan inda suka bar ta bara, iska ta kwashe rabin ganyen dabinon. Hurin ma na nan a kife, wajen wani tsoho mai gadi.

Wasu masuntan sun riga su isowa. Ana ta ɗaga hannu daga nesa ana gaisawa, wani na kiran Othman da sunan babansa, wani na tambaya ko sun zo da gishiri. Ruwan kuwa ya kwanta lif, ko motsi ba ya yi, tsuntsaye na ta faɗawa can wajen duwatsu.

"Ku dubi tsuntsayen nan!" in ji Othman, yana tuɓe riga. "Wallahi yau kifi da kansa yake kiranmu. Rafi'u, kama can!"

Suka birkice hurin suka ja shi ruwa da gudu kamar yara. Na'ibi na tsugune yana jera duwatsun murhu sai ya ji ƙara. Santsi ya kwashe Rafi'u, ya kai hannun dama zai dafa, ya dafa kan baƙar ƙayar ruwan nan mai kama da bushiya. Ya fito yana yarfa hannu, tafin ya yi baƙi da tsinin ƙaya.

Othman ya matsa masa lemun tsami, ya ɗaure da tsumma, amma idonsa na kan teku. Huri uku sun riga sun tashi.

"Halas, shi ke nan," in ji Rafi'u, yana cije leɓe. "Ko cokali ba zan iya riƙewa da shi ba. Ka je kai kaɗai."

"Ni kaɗai yaya? Wa zai tsayar da huri, wa zai riƙe fatsa? Ruwa zai ja ni har Yanbu."

Sai duk biyun suka juyo suka dubi Na'ibi.

"Kada ma ku fara," in ji shi.

"Ya akhi, ga wurin can, kana ganinsa da idonka. Jifa biyu ne."

"Othman, ka san ni."

"Na san ka. Shekara sha ɗaya kana cin najil ɗina, yau ka kamo min ɗaya." Ya dafa kafaɗarsa. "Dubi ruwan. Idan ka ga igiya ɗaya ta tashi, na dawo da kai, wallahi."

Na'ibi ya dubi ruwan. Ya dubi Rafi'u da ya yi shekara guda yana jiran wannan safiya, ga shi zaune a yashi rungume da hannu. Huri na huɗu ya wuce, masu shi na yi musu ihun tsiya. Bai san lokacin da ya naɗe ƙafar wando ba.

Ya zauna a gindin hurin, hannu biyu ƙam a gefe, idonsa a rufe, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Da Othman ya ce ya buɗe ido, sai ya ga ƙasan teku tar a ƙarƙashinsa, duwatsu ja da shuɗi, ƙananan kifaye na giftawa kamar an watsa maɓallai. Gaba kaɗan dutsen ya yanke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu.

"Nan ne gidan najil," in ji Othman ƙasa-ƙasa. Ya soka guntun kifi a ƙugiya ya miƙa masa. "Saki a hankali. Ɗora zaren kan yatsanka."

Zare dai Na'ibi ya san shi. Shekara ashirin yatsan nan ke gane zaren da zai tsinke tun bai tsinke ba. Ya ji ƙananan kifi na tsakura, ya ƙyale su. Can sai tsakurar ta tsaya cak. Zaren ya yi nauyi, kamar an rataya masa dutse.

"Othman, wani abu..."

Bai ƙarasa ba aka fizge shi har ƙirjinsa ya bugi gefen huri.

"Shi ne! Ja! Kada ka bar shi ya shiga rami, in ya shiga halas!"

Zaren na yanka masa yatsu, ya naɗe shi da bakin rigarsa ya ja. Othman ya kafa filafili ya dinga tuƙi da baya da dukan ƙarfinsa don su raba kifin da duwatsu. Na'ibi na ja yana ihu, Hausa da Larabci duk sun cakuɗe a bakinsa. Daga bakin gaɓa suna jiyo Rafi'u yana tsalle yana kabbara. Sai ga wani abu ja ya juyo a ƙarƙashin ruwa, faɗinsa kamar ƙyauren taga, da ɗigo-ɗigon shuɗi a jikinsa.

Murna ta sa Na'ibi ya miƙe tsaye.

"Zauna!" in ji Othman.

Ina! Huri ya tuntsure, duk biyun suka afka ruwa. Gishiri ya cika wa Na'ibi hanci da baki. Ya yi kalmar shahada a zuci, ya ce yau abin da ya gudar wa shekara ashirin ya cim masa. Sai ya ji ƙafarsa ta taɓa yashi. Ya miƙe. Ruwan iya ƙirjinsa. Ashe tuƙin Othman ya riga ya kawo su tudu.

Othman ya ɓullo yana tari yana dariya. "Fatsa! Ina fatsa?"

Na'ibi ya ɗaga hannu. Zaren na nan naɗe da rigar, yana rawa.

A ƙafa ya jawo kifin, yana ja da baya, yana faɗuwa yana tashi, har Othman ya samu ya cusa hannu a kuncin kifin suka rungume shi tare. Masuntan da ke kusa suka juyo da hurinsu suna tafi. Da aka shimfiɗe shi a yashi, tsohon mai gadi ya auna da hannu, ya ce kamu biyu da taƙi, rabonsa da ganin irinsa tun yana ƙuruciya.

Na'ibi ya zube kusa da kifin, ya amayar da ruwan da ya sha, sannan ya kwashe da dariya har hawaye.

Ranar nan Rafi'u ne ya dafa sayadiya, dafa-dukan shinkafa da kifi, da hannun hagu, ya ƙona gindin shinkafar, aka cinye har ƙanzon tare da maƙwabta. Da la'asar Na'ibi ya sake shiga huri, bai kama ko ɗan yatsa ba. Washegari kafin su tafi Juma'a ya kama ƙanana biyu, bai kuma miƙe tsaye ba.

Da suka isa Nuzla Na'ibi ya shigar wa matarsa Bashira kason gidansu cikin kwando, ya ce shi ya kamo. Ta dubi kifin, ta dubi mijinta, ta ce ya ji tsoron Allah. Sai da Rafi'u ya yi sallama daga ƙofa ya ba da shaida, Na'ibi kuma ya buɗe mata yatsunsa da zare ya tsattsaga, sannan ta yi salati ta ɗauko man shafawa. Masu kayan da suka dawo Asabar sun tarar da shi a shago, amma sai Laraba ya iya zura zare a allura.