Zuciyar Bodari

Doña Chencha ta zo neman kitsen bodari ne kawai. Duk ƙauyen, daga mai tari sai mai asma, wurinta ake zuwa, ita kuwa bodari take dafa musu. Da ta ji likitan dabbobi Abundio ya tsinci wani matacce a bayan rumbun masara, ko tortilla, wainar masararsu, ba ta gama gasawa ba ta fito.

Ta same shi a gindin mangwaro, ya farke dabbar a kan tebur, hannunsa cikin safar roba.

"Likita, warin nan bai kore ka ba? Yanko min kitsen in wuce."

"Kul, Doña! Kada ki taɓa. Zo ki gani."

Ya ɗago zuciyar da ɗan ƙarfe. Ta kumbura ta yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Chencha ta feɗe bodari ya fi ɗari, ba ta taɓa ganin haka ba.

"Ƙwayar cuta ce a jininsa," in ji shi. "Kuɗin cizon daji ke yaɗa ta. In ta shiga mutum sai ta yi lamo, shekara ashirin ko fiye, sannan ta fara cin zuciya."

"Ai dafawa nake yi."

"In ya dahu sosai, da sauƙi. Ɗanyen jinin ne masifa."

Sau ɗaya Chencha ta ba da ɗanyen jinin, kamar yadda kakarta ta koya mata: cokali uku, da ɗuminsa, ga 'yarta Imelda, lokacin da asma ta kusa kashe ta tana shekara huɗu. Yanzu Imelda na da ashirin da shida, da ciki wata bakwai. Ƙafafunta sun kumbura, taku goma sai haki, kowa na cewa ai ciki ne.

"Ciwon yana kama ɗan ciki?" ta tambaya.

"Yana iya kamawa. Wa kika ba?"

Sai ta kama hanyar gida. Tsoro ya hana ta gaida kowa.

Ta tarar da Imelda zaune a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.

"Mama, asmar nan ta dawo. Kin samo min bodarin?"

"Tashi, asibiti za mu."

"Haba Mama, yau ke ce da asibiti? Me na yi?"

"Ba ke kika yi ba," in ji Chencha, ta kamo hannunta. "Ni ce."