Babur Ɗin Tela Ya Ƙi Silo

Mai Kunne na tsugune a bakin rumfarsa yana wanke filogi a gwangwanin fetur, sai ya hango surukinsa Tela yana turo babur. A bayansa ga Auta, 'yar Mai Kunne, tana tafe a ƙasa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan cikinta da ya tsufa. Gefen zaninta duk ƙasa, takalminta ɗaya ya tsinke tana jan sa. Tun ba su ƙaraso ba gabansa ya faɗi.

Babur ɗin ba baƙo ba ne a rumfar. A watan nan ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, kullum da ciwo ɗaya: ya ƙi silo. Idan ana gudu lafiya lau, amma da an saki totur an tsaya sai ya yi tari ya mutu. Kuma shi ne abin hawan da zai kai Auta asibiti duk ranar da naƙuda ta tashi.

Tela ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa, ya ce ai ƙaramin abu ne, Baba, ya ɗan sake taɓa halinsa ne. Auta ce ba ta rufe ba. Ta zagayo ta daman mahaifinta ta faɗa masa dalla-dalla. A babbar mahaɗa ne, sun tsaya a tsakiyar titi za su sha kwana, babur ya mutu, ga tirela ta taho. Direban ya taka birki har tayoyi suka yi hayaƙi, ita kuma ta diro ta faɗi ta gefe. Ta ce ɗan cikin yana motsi, kada ya damu. Mai Kunne bai ɗauke ido daga bakinta ba har ta gama.

Dole ya kalli bakin, domin ta nan yake jin magana yanzu.

Sunan nan nasa ba kyauta aka ba shi ba. A zamanin da yake tashe, babur zai wuce a titi ya ce wannan fulotin kafireto ya cika, wancan bawul ya saki, a kwance a tarar haka ne. Amma tun bara kunnuwan suka fara yi masa ƙugi kamar an kifa masa ƙwarya a ka. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya rage ɗan abin da ba a rasa ba. Ƙara mai kauri yana jin ta sama-sama, siririya kuwa ta yi masa sallama: kukan tsuntsu, ƙarar waya, fito. Bai faɗa wa kowa ba, wanzami ai ba ya son jarfa. Ya koyi ɗora tafin hannu a kan tanki yana karanta inji ta karkarwarsa, ya koyi amsa gaisuwa da ɗaga kai. A ganinsa mutane sun ɗauka jin kai ne na gwanaye, kuma ya fi son a ce yana da jin kai.

Ya ɗaga ido. A tsallaken titi Dogo, bakaniken da suka daɗe ba sa ga maciji, ya ajiye sifana yana kallo. Shi ne wanda Mai Kunne ke yi wa shaguɓe a gaban jama'a, wai mutumin da sai ya yayyafa wa inji fetur kamar mai ban ruwan lambu kafin ya gane inda iska ke shiga, wannan ya je ya nemi wata sana'ar. A kan bencin mai shayi ma hira ta tsaya.

Mai Kunne ya ja babur ɗin cikin inuwa ya rufe famfon mai, ya kwance kafireto. Ya cire kofin ƙasa, babu ruwa, babu laka. Ya kwance ƙaramin jet, wanda ke shayar da inji lokacin silo, ya hura shi ya ɗaga shi sama, haske ya ratsa ramin tar. Fuloti lafiya, allura lafiya. Duk wannan ya duba shi a zuwan baya, kuma ya san lafiya zai tarar. Da ya zare filogi sai ya ga bakinsa fari fat kamar toka. Ko ɗan koyo ya san fassarar wannan: mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, tana satar hanya ta wani wuri. Irin wannan ɓarauniyar iska kuwa fito take yi, siriri, kuma da kunne ake kama ta.

Ya mayar da komai ya buga kik. Inji ya tashi. Ya ɗora hannu a tanki, ya murɗa totur ya saki. Ƙarfin ya maƙale a sama, ya daɗe kafin ya sauko, da ya sauko sai ya fara rawar ɗari zai mutu. Zufa ta tsatso masa a ƙeya. Ya sunkuya ya kai kunnen dama kusa da inji har zafi na dukan kumatunsa, bai ji komai ba sai ƙugin da ke cikin kansa.

Hannunsa ya ɗauki sukudireba ya nufi ƙusar silo, kamar yadda ya yi a zuwan farko da na biyu. In ya ƙara mata zagaye, inji zai tsaya da ƙafarsa a nan cikin inuwa, a tafa masa, a tafi. Ya kuma san da ƙarfe ya ɗauki zafi a hanya, ciwon zai dawo inda yake. Ya sa bakin sukudireba a tsagar ƙusar, amma bai murɗa ba.

A lokacin ne ya lura da fuskoki. Auta ta karkatar da kai tana yamutsa fuska. Tela ya saci kallon wuyan kafireto ya yi maza ya kawar da kai. Har mai shayi daga nesa ya tsayar da ludayi yana saurare. Duk wanda ke wurin yana jin abu ɗaya, ban da shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban inji.

Auta ta dafa sirdin ta sunkuya da ƙyar, ta daman nan dai, ta buɗe baki yadda zai gani.

"Baba, fito yake yi. Daga nan." Ta nuna baƙar robar da ta haɗa kafireto da inji.

Ya sa babban yatsa ya danna robar ta ƙasa. Tsaga ta buɗe baki, a ɓoye inda ido ba ya kai wa, inji ya shaƙe ya mutu nan take. Ya daɗe yana kallon tsagar, sannan ya juya ga surukinsa ya tambaye shi tun yaushe yake fiton.

Tela ya yi ta murza yatsu. Ya ce tun ranar da ya fara kawo shi.

"Ka ji shi?"

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ka yi shiru?"

Sai Tela ya warware. Ya ce a gida kowa ya sani, Inna, mahaifiyar Auta, ce ta ce kada wanda ya tayar masa da zancen har sai ya faɗa da bakinsa. Shi kuma ya ga in ya ce ga fito, tamkar ya ce wa Baba ba ka ji ne. In kuma ya kai wa Dogo, ya tona masa asiri a idon duniya. Shi ya sa ya yi ta dawowa, yana fatan ko za a dace.

Ran Mai Kunne ya ɓaci. "Don kada in ji kunya ka ɗora 'yata da cikinta a kan wannan?"

Sai idon Mai Kunne ya sauka a kan sukudireban da ke hannunsa. Yaron shiru kawai ya yi, shi kuwa da hannunsa ya murɗa ƙusa ya sallame su. Kunya ta rufe shi, ta fi wadda yake gudu nauyi.

Mai Kunne ya ce wa mai shayi ya tsayar musu da mota, Tela ya kai Auta asibiti a duba ta yanzu, motsi ko ba motsi. Bai tsaya jin musu ba. Ya shiga rumfa ya lalubo sabuwar roba, ya ɗaura ta ya matse zoben da kyau. Wannan aikin hannu ne da ido, kuma har yanzu babu wanda ya fi shi. Saura saita silo, tunda ya riga ya hargitsa ƙusar da ƙarin da ya yi ta yi mata. Wannan kuwa sai an saurari inji ana murɗawa a hankali har ya sami numfashinsa. Da tafin hannu zai iya kusantowa. Ya yi kusantowa sau biyu, ga abin da ta haifa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya ɗage jak ɗin da ya tokare babur, ya kama ƙahonsa, ya tura shi ya tsallaka titi a gaban 'yan benci da duk wanda ya taɓa jin shaguɓensa. Ya tsaya a bakin rumfar Dogo, ya yi magana da ƙarfin da shi kansa bai san ya kai haka ba.

"Dogo, saita mini silon nan. Ba na ji."

Ya jira dariya, ya kafa ido a bakin mutumin don kada ta wuce shi. Dogo bai yi dariya ba. Ya goge hannu da tsumma, ya karɓi sukudireban, sannan kafin ya ce komai ya zagayo ya tsaya ta damansa.