Saniyar da Ta Ƙi Shiga

Valliammai ta tsaya can gindin kwakwa, bayan motocin baƙi, inda ba wanda zai yi tuntuɓe da ita. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, kuma a al'adarsu macen da ta rasa miji ba ta kusantar ƙofar sabon gida ranar tarewa, wai kada ta shafa masa rashin sa'a. Ba wanda ya kore ta, ita ta ja jikinta. Abin da ya ci mata rai shi ne ɗanta Ilango, mai gidan, ya gan ta tana komawa gefe, ya sunkuyar da kai.

An rataya ganyen mangwaro a ƙofa, an shirya itacen wutar ibada. Abu ɗaya ya rage, bisa al'ada saniya ta fara shiga kafin kowa ya sa ƙafa. Sai dai Ponni, saniyar da aka kawo daga garken Valliammai, ta kafe a gaban matakala, ta ce ba ta san zancen ba. An ja, an tura, an miƙa mata ayaba. Ta cinye ayabar ta ci gaba da tsayuwarta.

"Minti goma ya rage," in ji malamin da ke jagorantar ibadar, ido a kan agogo. "Bakwai da rabi na cika, baƙar sa'a ta shigo. Wata rana mai kyau kuma sai bayan wata biyu."

Baffa Muthaiya, yayan marigayi mijin Valliammai, mutumin da ko gishirin miyar maƙwabta sai ya sa baki, ya ɗaga sanda.

"Saniyar za ka daka, yau?" Malamin ya daka masa tsawa. Sandar ta sauka a hankali.

Sai ga Thenmozhi, matar Ilango, ta ratso mutane har gindin kwakwar.

"Inna, ku zo. Saniyar nan ba ta bin kowa sai ku."

"Ke 'yar nan, ki rufa min asiri. In na ja ta ai ni zan fara shiga. Ko ciwon kai aka yi a gidan nan, ni za a nuna."

"Lalle an yi sirika!" in ji Baffa da ƙarfi, don kowa ya ji. "Ilango, in ƙafarta ta riga ta kowa, ni da iyalina mun bar gidanka har abada."

Ita Valliammai ba saniyar ce ta dame ta ba, ba kuma agogon ba. Bakin ɗanta take kallo, tana tsoron ya sake yin shiru.

"Saura minti uku," in ji malamin.

Ilango ya sauko daga matakalar. Ya kama igiyar saniyar, ya juyo da ita har inda uwarsa take, ya damƙa mata.

"Inna, ku shige mana gaba."

Valliammai ta ɗan kaɗa harshe kamar yadda take kiran saniyar kowace safiya. Ponni ta biyo ta, ko gardama babu. A bakin ƙofa ta ji Baffa yana kiran matarsa da 'ya'yansa su fito, ta ji an tada mota. Ta waiwaya don ta roƙi Ilango ya bi shi, sai ta tarar ɗan nata yana bayanta, ko juyawa bai yi ba.

Ta ɗaga ƙafar dama ta shiga, hawaye ya hana ta ganin ɗakin.