Wendel Ya Gama Shiri

"Riƙe nan ki ja da ƙarfi. Ba shafa kan kyanwa na ce ki yi ba."

Lorna ta finciki igiyar janareta, injin ya yi tari ya mutu. Ta sake ja, ya kama. Mijinta Wendel ya gyaɗa kai, ya kashe shi, ya ce ta sake tayarwa ita kaɗai.

"Wai yau makaranta ka buɗe mini ne?" ta ce. "Kai ina za ka da zan koyi aikinka?"

"Sani ba ya yawa," ya ce, yana goge hannu da tsumma. Bai dube ta ba.

Tun safe rediyo ke ta nanatawa cewa guguwar dusar ƙanƙara na tafe daga arewa, irin wadda ko tsofaffin yankinsu na Dakota sai sun jinjina mata. Kowace gona an tashi tsaye. Su ma sun koro shanu zuwa bayan shingen itatuwa inda iska ba ta duka, sun zube musu ingirici mai yawa. Lorna ta cika bahon wanka da ruwa, don in wuta ta ɗauke famfo ma tsayawa yake. Ta jibge itace gefen murhu, ta toshe ƙasan tagogi da tsofaffin tawul. Duk wannan aikin kowane hunturu ne.

Wendel ne ba na kowane hunturu ba. Tun da cuta ta shiga garke da bazara ta kwashe masa rabin maruƙa, bawan Allahn nan ya daina cin abincin kirki, ya bar gemu ya cinye masa fuska. Sai ya dawo daga gona ya zauna cikin mota a ƙofar gida, inji a kashe, har kofinsa ya huce a kan tebur. Amma yau ya tashi fes, ya yi aski, har da fito. Ya gyara ƙofar kicin da ta gaji da roƙonsa a kanta. Ya kai 'yarsu Tessa gidan ƙanwarsa a gari, wai kada ta rasa karatu, alhali an rufe makarantar. Karen da yake ji da shi kamar ɗa, ya ba yarinyar ta tafi da shi.

Da ta hango shi ta taga yana ɗaura igiya daga ƙofar gida zuwa ɗakin shanu, wadda mutum ke bi da hannu in farin ƙanƙara ya rufe ido, sai ta tuna da maƙwabcinsu Orlan.

Hunturun bara aka tsinci Orlan a daskare bayan ɗakin shanunsa. Igiyarsa tana nan a ɗaure lafiya lau, kusa da shi ƙwarai. Mutumin da aka haifa a gidan nan, wanda ko an ɗaure masa ido zai zagaye shi. A coci fasto ya ce guguwa ce ta ɗauke shi. Kowa ya ce haka ne. Aka ci burodi, aka sha kofi, aka watse.

* * *

Da rana Wendel ya ɗauko mahaifiyarsa Hilda daga ɗan gidanta na bakin hanya, don ta zauna da su har guguwa ta wuce. Yana komawa waje Lorna ta durƙusa tana cire wa tsohuwar takalmi.

"Mama, ba ki ga ɗanki ya sauya ba?"

"Na gani, na gode Allah. Ke dai ba a iya miki. Ya kwanta kin yi ƙorafi, ya tashi kuma kin tsargu."

"Tashin ne ya yi yawa. Komai sai ya koya mini, kamar mai sallama. Da ma a samu ya ga likita..."

Hilda ta janye ƙafarta. "Likitan masu taɓin hankali? A garin da in kin yi atishawa a kanti, kafin ki iso gida an ce kina kwance asibiti? Mazan gidan nan ba sa irin wannan ciwon na 'yan birni. Ubansa ya yi asarar da ta ninka wannan, ya kurɓi kofi ya koma gona. Kama bakinki, kada ki ja masa abin faɗe."

Lorna ta kama bakinta. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ta buga wa Verna waya, matar marigayi Orlan.

"Yaya Verna, tambaya gare ni, don Allah kada ki ji haushi. Ranar nan, kafin guguwar... Orlan ya yi aski?"



"Ya yi aski," Verna ta ce a hankali. "Ya wanke mini mota. Ya koya mini tayar da tarakta, ina ta ƙyalƙyala dariya kamar wawiya."

"Me ya ce zai je yi a waje?"

"Saniya mai ciki zai dubo. Ai ba a rasa saniya mai ciki, ƙanwata."

"Amma ba ki taɓa faɗa wa kowa ba."

"Wa ya tambaye ni? Kuma 'ya'yana cocin nan suke zuwa." Ta ja numfashi. "Lorna, ajiye wayar nan ki je ki ga inda mijinki yake."

* * *

Su Lorna ma suna da saniya mai ciki. Karsana ce mai farin goshi, cikin fari, haihuwa yau ko gobe. Ita kaɗai Wendel ya ware ya ɗaure a can ƙuryar ɗakin shanu.

Sararin arewa ya riga ya yi baƙi ƙirin, dusar ƙanƙara ta fara sauka a karkace. Wendel yana bayan rumbu yana zuba wa tarakta mai. Lorna ta fitar da mota daga garejin da ke manne da kicin, ta baza ciyawa a ƙasa, ta je ta kwanto karsanar. Dabbar ta turje a tsakar gida. Lorna ta ja, ta lallasa, ta zage ta, iska na yankar fuskarta kamar reza, har suka shiga. Ta koma ta kwaso kaji cikin kwali ta saukar da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Da Wendel ya shigo kicin yana kakkaɓe hula, sai ya ji kukan saniya ta bayan bango. Ya leƙa gareji, ya juyo.

"Saniya a gareji? Ko gadonmu za ki ba ta?"

"In ta nema. Ai ta fi ka cin abincina."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Can ya fi mata ɗumi. Da na riƙa leƙa ta."

"Yanzu ka leƙa ta da silifa."

"Kaji fa?"

"Suna ƙasa, suna gaishe ka."

Ya tsaya, hular a hannu. Waje ya koma fari fat, ko ɗakin shanun ba a gani. Gidan ya ɗauki ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa ta kan rufi.

"Kwamin ruwan shanu zai daskare," ya ce. "Sai an fasa musu."

"Su lashi ƙanƙara, ba yau suka fara ba." Ta dube shi. "Wanda ya fita cikin wannan don kwami, Baban Tessa, ba don kwami ya fita ba."

A karon farko a ranar ya dube ta sosai. Ta ga ya gane, shi ma ya ga ta gane. Leɓensa ya motsa kamar zai yi magana.

"Ke ki bar namiji ya yi aikinsa mana!" Hilda ta ɗaga murya daga bakin murhu. "Mata nawa ne ke neman miji mai himma irin wannan?"

Wendel ya rufe bakinsa. Ya juya ga taga.

Ƙofar gaba tun shigowar sanyi aka liƙe ta da leda da ƙusa. Ta baya da ta gareji kuwa a lungu guda suke cikin kicin. Lorna ta jawo kujera ta dasa a lungun, ta jingina bayanta da ƙofar baya, ta ɗora kwanon dankali a cinya ta fara ferewa.

Wuta ta yi ƙifta-ƙifta ta ɗauke. Babu wanda ya je tayar da janareta. Hilda ta fara gyangyaɗi, saƙarta a hannu. Wendel yana tsaye a taga, kwat ɗinsa a jiki har wuya, yana kallon farin da babu komai a cikinsa. Lorna ta san wannan guguwa za ta wuce, wata ta zo, hunturu kuwa yanzu ya sa kai, ita kuma mutum ɗaya ce, dole wata rana barci ya ɗauke ta.

Sanyi na ratsowa ta katakon ƙofa yana shiga ƙashin bayanta. Dankalin ya ƙare. Ba ta tashi ba. Ta sa hannu cikin kwanon ta ɗauko wanda ta riga ta fere, ta sake ferewa.